KADA A BINNE SHAIDA

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin jama'a, daga Zuru har Dabai, daga Ribah har Mahuta, wadda mu ke so mu tattauna da masu karatunmu yau, musamman malaman makaranta da akawunan ofis, gama su ne waɗanda mutane su kan kai wa takardar asibiti su karanta musu. Maganar ita ce, wai ciwon daji ba ya son ƙarfe. Wai in aka taɓa shi da allura ko aska sai ya fusata, ya bazu cikin jiki, ya kashe mai shi. Saboda wannan magana mutum ya kan ga kumburi a jikinsa, ko a jikin ɗansa, ya rufe shi da riga wata da watanni. In ma an je asibiti, da likita ya ce za a ɗebi ɗan nama a aika a duba, sai a sulale da majiyyaci da dare.

Ba mu ce masu faɗin haka ba su ga kome ba. Sun ga an kai mace asibiti an yi mata aiki, bayan wata uku an yi jana'izarta. Abin da ba su sa cikin lissafi ba shi ne shekara biyu da ta yi a gida ana shafe-shafe da turare kafin a kai ta. Ciwon ya riga ya yi rassa a hanta da ƙashi tun aska ba ta taɓa ta ba. Aska ta zo a makare, sai aka ɗora mata laifin jinkirin.

Akwai kuma ɓarna ta biyu, wadda ta fi ta farko ban takaici, domin tana aukuwa ga waɗanda suka yi abin da ya kamata. Wani malami da ya yi karatu a hannunmu a kwalejin horon malamai ya zo mana da labarin iyalinsa. Matarsa ta ji wani ƙululu a nono, bai fi girman goro ba. Bai yi wata-wata ba ya kai ta wani ƙaramin asibiti, aka cire abin, aka ɗinke. Da aka gama sai aka miƙo masa naman cikin leda. Shi kuwa ya yi abin da kowane mai mutunci zai yi da naman ɗan Adam, ya haƙa rami a bayan gida ya binne. Ba wanda ya ce masa a aika da shi ko'ina. Bayan wata goma kumburi ya dawo, wannan karon har da hammata. Da suka isa babban asibiti, tambayar farko da likita ya yi musu ita ce, “Ina takardar sakamakon naman da aka cire?” Ba takarda, ba nama. Tilas aka faro bincike daga tushe, wata goman da ya kamata ta yi tana shan magani ya tafi a banza.

To, ga abin da mu ke so mu kafa a zukatan masu karatu. Duk naman da aka cire daga jikin mutum saboda kumburi shaida ne. Wajibi ne a kai shi gaban likitan awo, a rubuto abin da aka gani, takardar ta dawo hannun mai ita, a kuma ajiye kofinta. Wanda ya binne shi kafin a duba kamar mai ƙara ne da ya kori mashaidinsa tun alƙali bai zauna ba.

ABIN DA LIKITAN AWO YA KE GANI

Kumburi ba ya faɗin sunansa. Kumburin wuya yana iya zama maƙoƙo, yana iya zama tarin fuka da ya kama kaluluwa, yana iya zama daji. Na farko da na biyu suna da maganinsu daban, na tarin fuka ma kyauta a ke bayarwa. Ƙululun nono a jikin budurwa galibi ƙari ne maras lahani, wanda in aka cire shi an gama. Hannun likita, kome ƙwarewarsa, zato ya ke yi. Hoton asibiti ya kan nuna girman abu da inda ya ke. Wanda ya ke yanke hukunci shi ne likitan da ya ke duba naman kansa a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu.

Ga yadda a ke yi. Da an ciro naman sai a tsoma shi nan take cikin wani ruwan magani da a ke kira fomalin, wanda ya ke hana shi ruɓewa, ya kuma ƙame ƙwayoyinsa a yadda su ke. Ƙa'ida ita ce ruwan ya ninka naman sau goma, a kuma rubuta sunan majiyyaci da lambarsa da ranar aiki a jikin kwalbar, ba a kan murfi kaɗai ba. A ɗakin awo sai a tsane ruwan jikin naman, a dasa shi cikin kaki, a yanko shi da wata na'ura sala-sala, kowane sala gashin kai ya fi shi kauri fiye da sau goma. Sa'an nan a shimfiɗa a kan gilashi, a rina da rini iri biyu, shuɗi da ja, domin tsakiyar kowace ƙwaya ta fito daban da jikinta. Likita ya duba, ya ga ko ƙwayoyin suna jere cikin tsari kamar tubalin gini, ko kuwa sun rikice, sun bambanta da juna, sun keta iyakarsu sun shiga naman da ke maƙwabtaka da su. Wannan ketare iyaka shi ne babbar alamar daji. Wani lokaci ma ba sai an yanka ba, siririyar allura ta isa a zuƙo 'yan ƙwayoyi a duba.

Wannan ilmi ba sabo ba ne. Tun 1858 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya bayyana cewa jiki duka ginin ƙananan ƙwayoyi ne, kowace ƙwaya daga wata ƙwaya ta fito, cuta kuma daga lalacewarsu ta ke farawa. Abin da aka ƙara sani daga baya shi ne dalilin da ya ke sa ƙwaya mai biyayya ta kangare.

KUSKUREN MAI KWAFE LITTAFI

Akawu zai fi kowa saurin gane wannan bayani. Cikin kowace ƙwayar jiki akwai wani rubutu na gado, wanda mutum ya karɓo rabi daga uwa rabi daga uba. Haruffansa iri huɗu ne kurum, amma yawansu ya kai wajen miliyan 3,000, an ɗaure su cikin fayil 23, kowanne kuwa biyu-biyu ne, watau 46 ke nan. Masana suna kiran waɗannan fayiloli kiromosom. A cikinsu akwai umurni wajen 20,000, wannan ya ce wa ƙwaya ta girma, wancan ya ce ta dakata, wani kuma ya ce in ta lalace ta mutu ta ba wata wuri. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafe littafin nan gaba ɗaya. Kowa ya taɓa kwafe rajistar haraji ya san hannu ya kan zame. Jiki yana da masu bin sawu suna gyara kuskure, amma wani ya kan kuɓuce musu. In kuskuren ya faɗa a kan umurnin girma ya bar shi a buɗe, wani kuskuren kuma ya share umurnin dakatawa, to, ƙwayar nan da zuriyarta ba su sake jin birki. Shi ya sa daji ya kan ɗauki shekaru yana haɗuwa, kuskure a kan kuskure, kafin ya fito fili.

A 1960 aka fara ganin irin wannan da ido. Wasu masana biyu a birnin Filadelfiya ta Amurka, Peter Nowell da David Hungerford, suka lura cewa masu wani irin dajin jini, mai kumbura saifa, suna da kiromosom guda da ya gajarta. A 1973 wata likita a Shikago, Janet Rowley, ta nuna cewa guntun bai ɓace ba, musanya aka yi tsakanin fayil na 9 da na 22, kamar a yage shafi daga fayil ɗin wani a ɗinke a na wani. Da aka gane kuskuren sai aka ƙera maganin da ya ke toshe shi daidai, mai suna imatinib, aka amince da shi a 2001. Ciwon da a da ya kan kashe mutum cikin 'yan shekaru ya zama ana shan ƙwaya kullum ana ci gaba da neman abinci. Tun 2003 aka fara ba 'yan Nijeriya wannan magani kyauta ta hannun asibitin koyarwa na Ile-Ife. Amma fa sharaɗin samunsa shi ne a gwada jinin a tabbatar da musanyar nan. Wanda ba shi da takardar awo ba shi da hanyar shiga.

CIWON MUƘAMUƘIN YARA

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne wani ciwo da malaman firamare da yawa sun taɓa gani ba su san sunansa ba. Yaro ɗan shekara biyar ko bakwai, lafiyarsa lau, sai kumatu ya fara kumbura, haƙora su yi girgiɗi, wani lokaci ido ya turo waje, ko ciki ya tashi. Iyaye su ce haƙori ne, a cire haƙori, kumburi ya ci gaba. Wannan ƙari yana cikin mafiya saurin girma a jikin ɗan Adam, ƙwayoyinsa su kan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu. Ya fi kama yara maza.

Wani likitan fiɗa, Denis Burkitt, shi ya fara bayyana shi a 1958, bayan ya ga yara da dama da shi a asibitin Mulago da ke Kampala, ƙasar Yuganda. Yadda ya bi sawun ciwon abin koyi ne ga ma'aikatan ofis. Kuɗin binciken da ya fara samu fam 25 ne kacal. Ya buga takardu masu hoton yaran, ya sayi kan sarki, ya aika wa asibitoci ko'ina cikin Afirka yana tambaya ko sun taɓa ganin irin wannan. Duk amsar da ta zo sai ya kafa alama a taswira. A 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka shiga wata tsohuwar mota suka yi tafiyar wajen mil 10,000, suna bin asibitoci fiye da 50 suna duba littattafansu. Taswirar ta nuna ciwon yana zaune ne inda akwai ɗumi da ruwan sama da ya wuce inci 20 a shekara, ba ya hawa kan duwatsu masu sanyi. Watau inda sauro ya ke, nan ya ke. Ƙasar Zuru, da damina irin tata, tana cikin wannan yanki.

Nijeriya ta ba da nata rabo cikin wannan bincike. A 1963, a Ibadan, Farfesa Pulvertaft ya raya ƙwayoyin ƙarin wani yaro ɗan shekara 11 cikin kwalba, suka ci gaba da rabuwa. Ana kiran su Raji, har yau kuma ana aiki da zuriyarsu a ɗakunan bincike na duniya. A 1964, a Landan, Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar cuta ta bairos cikin naman da Burkitt ya aiko musu daga Kampala. Ita ce bairos ta farko da aka danganta da daji a jikin mutum. A Ibadan kuma likita Victor Ngu yana cikin waɗanda suka nuna cewa allurar magani tana narkar da wannan ƙari cikin kwanaki, har aka ba shi lambar girma ta Lasker tare da Burkitt a 1972. A 1976 aka tabbatar cewa a nan ma musanyar shafi ce, tsakanin fayil na 8 da na 14, a 1982 kuma aka gane shafin da aka ɗauke, umurnin girma ne mai suna MYC.

Yau mun san yadda abubuwan uku su ke haɗuwa. Bairos ɗin nan kusan kowa yana ɗauke da ita tun yana ƙarami, yawanci ba ta yin kome. Zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa shi ya ke tilasta wa wasu ƙwayoyin tsaron jiki su yi ta rabuwa ba hutawa. Cikin wannan gaggawa sai umurnin girma ya faɗa kusa da wani shafi da kullum a buɗe ya ke, ƙwaya ta yi ta karanta shi ba tsayawa. Da ma irin wannan ƙwaya kamata ya yi ta mutu, sai bairos ta hana ta mutuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa sauro ne ya ke tsaga bangon. Gidan sauron da a ke rabawa, da maganin zazzaɓin da a ke ba yara da damina, suna da amfanin da ya wuce wanda aka faɗa mana.

Abin da ya kamata kowane malami ya riƙe shi ne wannan ciwo yana warkewa. A ƙasashen da a ke gane shi da wuri, wajen tara cikin goma na yaran suna warkewa sarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara masu daji iri-iri, fiye da 80 cikin 100 suna warkewa a ƙasashe masu arziki, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba. Jinkirin ganewa yana cikin manyan dalilan wannan rata. Mako uku da aka ɓata ana jiran kumburin haƙori ya saɓe yana iya zama shi ne tsakanin rai da ajali.

RUMBU DA RAFI

Mutanen ƙasar Zuru sun yi suna wajen noma da ginin rumbu, saboda haka wannan sashe nasu ne. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗar Barazil. Da aka bincika sai aka sami wata guba da fumfuna ta ke zubawa a gyaɗa da masara in an adana su da danshi. Sunanta afalatoksin, suya da dahuwa ba su kashe ta. A 1991 masana suka duba naman dajin hanta daga ƙasar Sin da kudancin Afirka, suka tarar gubar nan tana da wurin da ta ke sara. Harafi ɗaya ta kan canja, a wuri na 249 cikin wani umurni mai suna TP53, wanda aikinsa shi ne tsai da ƙwayar da ta lalace. Daga baya aka ga wannan tabo a jinin masu dajin hanta a Gambiya. Watau likitan awo yana iya duban nama ya ga sawun abin da mutum ya ci shekaru da suka wuce.

Haɗarin ya kan ninka sau da yawa in mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda da yawa su kan kamu da shi tun suna jarirai. Nijeriya ta sa rigakafinsa cikin alluran yara a 2004, allurar farko kuma cikin sa'o'i 24 da haihuwa a ke so a yi ta. Matar da ta haihu a gida, a kai jaririn a yi masa a ranar. Gyaɗa da masara kuwa a shanya su bushe ƙayau a kan taburma ko tamfol, a tsince masu baƙi da masu fumfuna a zubar. Al'adar ware ruɓaɓɓiyar gyaɗa a yi ƙuli-ƙuli da ita a sayar wa 'yan makaranta ya kamata a daina ta.

Haka kuma tsargiya. Yaron da ya ke fitsarin jini bayan wanka a rafi ba alamar balaga ya ke nunawa ba. Ƙwan tsutsa ne ya maƙale a bangon mafitsara yana miki, mikin shekara da shekaru kuma yana iya juyewa ya zama daji. Likitocin Sakkwato sun sha ba da rahoton yawan dajin mafitsara a wannan yanki. Ranar da aka kawo ƙwayar maganin tsargiya makaranta, kada malami ya sa ta a aljihun tebur. Dajin bakin mahaifa ma wata bairos ce ta ke jawo shi, kamar yadda Harald zur Hausen na Jamus ya nuna a 1983, ga shi kuma tun Oktoba 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta.

GADO NE KO BA GADO BA?

Da mun ce rubutun gado, mun san wani zai ce ashe ciwon na dangi ne, kada a auri 'yar gidan su wance. Wannan kuskure ne mai raba zumunci. Cikin masu daji goma, wajen tara kuskuren a jikinsu ya auku bayan haihuwa, cikin ƙwayoyin ƙarin kaɗai, ba su gada ba, ba kuma za su gadar ba. Daji kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko ta jinya. Akwai dai 'yan tsirarun iyalai da su ke gadon rauni a wasu umurnai, kamar BRCA1 da aka gano a 1994 da BRCA2 a 1995. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta na Ibadan suka buga a 2018, a kan mata fiye da 1,000 masu dajin nono, ya sami irin wannan gado a wajen mace ɗaya cikin bakwai. Amfanin sanin haka shi ne 'yan'uwan mai ciwo su riƙa zuwa ana duba su da wuri. Gadon rauni ba hukunci ba ne cewa lalle mutum zai kamu.

Dajin nono kansa ba iri ɗaya ba ne, likitan awo ne kuma ya ke rarrabewa, da wani rini na musamman. Wani yana rayuwa ne da sinadarin mata na jiki, wannan ƙwayar tamoksifen mai sauƙin kuɗi tana taimakonsa. Wani yana da alamar da a ke kira HER2, yana da allurarsa daban mai tsada. Wani ba shi da ko ɗaya, sai maganin ƙarin ruwa. In an ba mace maganin da ba na irin nata ba, an ci kuɗinta an ci lokacinta. Wannan rini kuwa ba ya kamawa daidai sai an sa naman cikin fomalin da sauri, ya kuma zauna ciki tsakanin sa'o'i 6 zuwa 72. Naman da ya kwana a leda, ko aka tsoma shi a ruwan gishiri, ko ya yi mako biyu a kan kanta ana jiran mai zuwa Sakkwato, zai iya ba da amsar ƙarya.

INA KUƊIN?

Mun san abin da mai karatu zai ce. Zai ce likitocin awo kaɗan ne, suna Birnin Kebbi da Sakkwato da Shika da Kano, daga Zuru kuwa tafiyar sa'o'i ce, ga halin da hanya ta ke ciki. Zai ce ina amfanin manomin Sakaba ya san sunan ciwonsa in ba shi da kuɗin magani? Tambaya ce mai nauyi, ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Maganin daji yana da tsada ƙwarai, iyalai da yawa sun sayar da shanu da gona a kansa.

Amsarmu ita ce, kuɗin awo shi ne mafi ƙanƙanta cikin dukan abin da a ke kashewa, shi ne kuma ya ke tsare sauran. Mutum nawa ne suka sayar da sa suna maganin daji, alhali tarin fuka ne? Mutum nawa ne suka zauna cikin fargaba shekara guda a kan ƙari maras lahani? Duk wata ƙofar taimako kuma, ta gwamnati ko ta ƙungiyoyi, takardar awo a ke fara tambaya. Game da nisa kuwa, ba majiyyaci ne zai yi tafiyar ba. Kwalba ce za ta tafi, amsa kuma tana iya dawowa ta waya a ranar da aka sa mata hannu. Abin da ya rage shi ne tsari: rana ɗaya tsayayya kowane mako, mutum ɗaya da aka ɗora wa alhaki, da littafi guda da a ke rubuta fitar kwalba da dawowar takarda. Aikin masinja da akawu ne, irin wanda En'e ta da ta kan yi da jakar wasiƙa a kan keke.

Daga irin wannan littafi a ke gina rajistar masu daji. Farfesa George Edington ya buɗe ta farko a Nijeriya, a Ibadan, a 1960. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce fiye da mutum 120,000 suka kamu da daji a Nijeriya cikin shekarar, kusan 80,000 suka mutu. Amma ƙiyasi ne da aka gina a kan rajistar wasu 'yan birane. Wanda ya rasu a Wasagu ba a taɓa duba namansa ba, ba ya cikin littafin kowa, gwamnati kuwa da lissafi ta ke raba likitoci da magani. Jihar Kebbi ba baƙuwa ba ce a wannan fage, gama Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda ta daɗe tana yaƙi da daji a jihar, a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta babbar ƙungiyar yaƙi da daji ta duniya da ke Janeba. Abin kunya ne sunan jiha ya kai Janeba, kwalba kuwa ta kasa kaiwa Birnin Kebbi daga Zuru.

Saboda haka muna roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu, tare da Ma'aikatar Lafiya ta jiha, su tabbatar cewa duk inda a ke yi wa mutane fiɗa akwai fomalin da kwalabe da littafin aikawa, su kuma ɗauke wa marasa ƙarfi kuɗin awo. Muna roƙon malaman addini na masallaci da na coci su bayyana wa jama'a cewa kai nama wurin awo ba wulaƙanta jikin ɗan Adam ba ne, neman magani ne.

Ku kuma malamai da akawuna, naku ya fi sauƙi. In kun ga ɗalibi kumatunsa ya kumbura, haƙora suna girgiɗi, ku rubuta wa iyayensa takarda a ranar, ku ce asibiti, ba wanzami ba. In ɗan'uwa ya zo muku da labarin za a yi wa wani nasa aiki, ku koya masa tambayoyin da zai yi wa likita cikin ladabi: “Ranka ya daɗe, ina za a kai naman? Yaushe za mu zo karɓar sakamako?” In takardar ta zo, ku karanta masa abin da kuka gane, abin da ba ku gane ba ku mai da shi wurin likita, kada ku fassara da ka. Ku yi mata kofi biyu, ɗaya a akwati, ɗaya a tafi da ita duk asibitin da za a je.

Malamin da muka ba da labarinsa ya ce mana da a ce mutum ɗaya ya faɗa masa wannan a ranar da aka miƙo masa leda, da bai ɗauki fartanya ba. Matarsa tana karɓar magani yanzu. Allah Ya ba ta lafiya, da sauran marasa lafiya duka.